Miƙa mai bugowa ta modem zuwa kwamfuta mai nisa

Wannan dabara ce a tsarin sarrafa kwamfuta na Unix da danginsa, inda kwamfutar da ta amsa kiran modem (na'urar da ke haɗa kwamfutoci ta layin tarho) ba ta karɓar baƙon da kanta, sai ta zarce da shi zuwa wata kwamfuta da ke can wani wuri. Mai bugowa yana ɗauka da waccan ya haɗu tun farko, alhali ta farkon 'yar rakiya ce kawai.

Asalinta ya girmi intanet ɗin da aka sani yau. A 1971 kamfanin BBN na Amurka ya samar wa ARPANET, hanyar sadarwar da ta gabaci intanet, na'urar TIP, wadda ke karɓar tashoshin masu amfani har 63 tana sada su da manyan kwamfutoci. Daga baya kamfanin Livingston ya fito da na'urar karɓar kiran modem mai suna PortMaster da kuma ƙa'idar tantance masu shiga ta RADIUS, wadda za a iya rubuta wa kowane mutum a cikinta kwamfutar da za a kai shi da zarar ya shigo.

A kwamfutar Unix, ana jona modem a kafar siriyal mai bin ƙa'idar RS-232, manhajar getty kuma tana gadin kafar. Wata irinta mai suna mgetty, wadda Gert Doering na Jamus ya rubuta, tana jira modem ya aiko kalmar RING, sai ta ba shi umarnin ATA ya ɗauki kiran. A al'ada daga nan za ta tambayi suna ta miƙa mutum ga manhajar login, mai tantance kalmar sirri. Dabarar duka ita ce a cire login a sa telnet, rlogin ko ssh, manhajojin shiga kwamfuta daga nesa, a gurbinta. A mgetty ana rubuta haka a fayil ɗin login.config, a agetty kuwa, wata irin getty ɗin, da zaɓin -l.

Haɗawar ba ta da wuya, rabuwar ce ke da tarko. Idan mai kira ya katse, modem yana sauke siginar DCD mai nuna cewa layi a haɗe yake, tsarin ya aika saƙon katsewa na SIGHUP ya kashe zaman, sannan init, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji, ta tayar da sabuwar getty. In kebul ɗin ba shi da wayar DCD, ko an saita modem ya riƙe ta kullum, zaman ba ya mutuwa, wanda ya bugo na gaba sai ya tsinci kansa cikin asusun wani ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ba. Akwai kuma ƙofar baya: danna Ctrl da ] yana fitar da mutum zuwa wurin umarnin telnet, daga nan yana iya kutsawa cikin kwamfutar rakiyar kanta. Zaɓin -E na telnet ke toshe wannan.

Telnet da rlogin suna aika kalmar sirri tsirara, shi ya sa ssh, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995, ta ture su. A yau an fi cin karo da dabarar a cibiyoyin sadarwa, inda ake ajiye modem ɗaya domin injiniya ya samu hanyar shiga na'urori ranar da babban layi ya faɗi.