Jinyar masu cututtukan ciki da hanji

Jinyar masu cututtukan ciki da hanji reshe ne na aikin jinya da ke kula da mutanen da cuta ta kama musu wani sashe na hanyar abinci, tun daga maƙogwaro zuwa tumbi da hanji da dubura, tare da gaɓoɓin da ke taya narkar da abinci, wato hanta da matsarmama da fankiriyas. Cututtukan sun haɗa da gyambon ciki, gudawa mai tsanani, toshewar hanji, kumburin afendis, ciwon hanta da kansar hanji. Da yake cutar tana ɓoye a inda ido ba ya kaiwa, ma'aikaciyar jinya takan dogara ne ga lissafin abin da ya shiga cikin majinyaci da abin da ya fita, da kuma sauyin da take gani a jikinsa daga awa zuwa awa.

Tarihi

Aikin jinya na zamani ya taso ne a tsakiyar masu ciwon ciki. Lokacin da Florence Nightingale ta isa asibitin sojoji na Scutari, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, a 1854, ana tsaka da Yaƙin Kirimiya, sojojin Ingila da atuni da kwalara da zazzaɓi ke kashewa sun fi waɗanda raunin yaƙi ke kashewa yawa nesa ba kusa ba. A littafinta kan jinya, wanda ya fito wajajen ƙarshen 1859, ta ɗauki koya wa mai jinya abin da za ta lura da shi a matsayin darasi mafi muhimmanci.

Gyambon ciki ya nuna yadda aikin ke sauyawa idan fahimtar cuta ta sauya. Daga 1915, lokacin da likita Bertram Sippy na Chicago ya fito da tsarinsa, an shafe shekaru masu yawa ana ɗirka wa masu gyambo madara kusan kowace awa tare da maganin kashe tsamin ciki, kuma masu jinya ne ke riƙe da agogon. A 1982 Robin Warren da Barry Marshall, a birnin Perth na Ostareliya, suka danganta cutar da ƙwayar Helicobacter pylori. Da likitoci suka ƙi gaskatawa, Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984, cikinsa kuwa ya kamu. Sun sami lambar yabo ta Nobel a 2005. Tun daga nan nauyin mai jinya ya koma ga tabbatar da cewa majinyaci ya shanye magungunan kashe ƙwayar har ƙarshe, da yi masa kashedi kan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, waɗanda ke cin bangon ciki.

Ruwan gishiri da sukari shi ma yana da nasa tarihi. An gwada shi a kan masu kwalara a Dhaka a 1968, amma a 1971 ne ya nuna ƙarfinsa, lokacin da ruwan ƙari ya yi ƙaranci a sansanin 'yan gudun hijirar Bangladesh da ke Bangaon a Indiya, likita Dilip Mahalanabis ya sa 'yan uwan majinyata suna shayar da su da hannu. Mace-macen da ke kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne, hanji yana jan gishiri tare da sukari ko da gudawa na tsananta, ruwa kuma ya bi su.

Kula da waɗanda aka fito musu da bakin hanji ta fatar ciki kuwa mata biyu ne suka kafa shi. Elise Sørensen, wata nas 'yar Denmak, ta ƙirƙiro jakar da ke manne wa fata a 1954, bayan ta ga 'yar'uwarta Thora, wadda aka yi wa irin wannan tiyata, ta daina fita cikin mutane saboda tsoron yoyo. A Amurka, Norma Gill, wadda ita kanta an yi mata irin wannan tiyata, ta fara aikin koyar da majinyata a Cleveland a 1958 tare da likita Rupert Turnbull.

Dubawa da yanke hukunci

Ana duba ciki bisa tsari: a kalla, a saurara da na'urar sauraro, a ƙwanƙwasa, sannan a taɓa. Ana jinkirta taɓawa ne domin tana iya sauya motsin hanji kafin a saurare shi. Ana kuma tambayar kamannin bayan gida ba tare da nauyin baki ba, kuma ma'aunin Bristol na 1997 ya kasa shi kashi bakwai domin a riƙa magana da harshe ɗaya.

Basirar mai jinya tana bayyana ne a wajen fassara abin da ta gani. Christine Tanner, wata malamar jinya a Amurka, ta bayyana wannan a 2006 da matakai huɗu: lura, fassarawa, ɗaukar mataki, da waiwayen abin da ya biyo baya. Misali shi ne majinyacin da ya yi bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari kamar kwalta, ko ya yi amai mai kama da dusar kofi. Wannan alama ce ta zubar jini daga sashen sama na hanyar abinci, sai dai ƙwayar ƙarin jini ma tana baƙanta bayan gida, don haka dole a binciki magungunan da yake sha. Idan bugun zuciyarsa ya ƙaru, hannayensa suka yi sanyi, ya kasa kwanciya wuri ɗaya, to ba a jiran awon hawan jininsa ya faɗi, domin jiki yakan riƙe awon har sai an yi asarar jini mai yawa, kuma gwajin yawan jini na farko yana iya fitowa lafiya ƙalau. A nan ake kiran likita nan take, a sa allurar ƙarin ruwa mai faɗin baki, a hana cin komai, a aika jini domin a tanadi wanda zai dace da nasa.

Haka kuma mai ciwon afendis da ciwonsa ya lafa kwatsam ba lallai ne samun sauƙi ya yi ba, mai yiwuwa afendis ɗin ne ya fashe, musamman idan daga baya cikin ya ƙame kamar katako. Ba a ba irin wannan majinyaci maganin wankin ciki, ba a kuma gasa masa ciki. Mai ciwon hanta da ya fara barcin rana da farkawar dare, ko hannunsa ya riƙa kaɗawa idan ya miƙe shi, guba ce ke taruwa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ana daidaita masa maganin laktulos mai sassauta bayan gida har ya riƙa yin bayan gida mai laushi sau biyu zuwa uku a rana.

Ruwa da abinci

Fitsarin babba da ya gaza rabin mililita kan kowane kilo na nauyinsa a awa yana iya nuna ƙarancin ruwa, kuma sauyin kilo ɗaya a awon nauyin kullum daidai yake da kusan lita ɗaya. Amai da gudawa suna zubar da sinadarin fotashiyam, wanda ƙarancinsa ke hargitsa bugun zuciya. Kafin a zuba komai a robar hanci, wato siririyar robar da ake zurawa ta hanci zuwa tumbi domin ciyar da majinyaci, ana zuƙo ruwan ciki a gwada tsaminsa, inda ake neman ma'aunin pH na 5.5 ko ƙasa, ko a ɗauki hoton ƙirji, domin tsohuwar dabarar hura iska a saurara ba ta raba robar da ke tumbi da wadda ta sauka huhu. Ana ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45 lokacin ciyarwa.

Kariya daga yaɗuwa

A gudawar da ƙwayar cuta mai suna Clostridioides difficile ke jawowa, ana wanke hannu da sabulu da ruwa, saboda man goge hannu mai sifirit ba ya kashe irin ƙwayar.

Abubuwan da ake saɓani a kansu

A da ana hana wanda aka yi wa tiyatar hanji abinci har sai an ji motsin hanjinsa. Tsarin gaggauta murmurewa da likita Henrik Kehlet ya jagoranta a Denmak a shekarun 1990 ya karkata ga ciyarwa da tayar da majinyaci da wuri, kuma wasu masana na shakkar amfanin sauraron motsin hanjin ma baki ɗaya, ko da yake har yanzu ana koyar da shi a makarantun jinya.