Teshuba: Tuba a Ranakun Kwarjini na Yahudawa

Teshuba ita ce tuba a addinin Yahudanci, kuma asalin ma'anarta a Ibrananci komawa. Addinin ya bar ƙofar tuba a buɗe kowace rana ta shekara, har ma akwai roƙon Allah ya mayar da bayinsa gare shi a cikin addu'ar da ake yi sau uku a ranakun aiki. Duk da haka an keɓe wa tuba wani lokaci na musamman mai kwana 40, wanda ke farawa da kamawar watan Elul, watan ƙarshe na shekarar Yahudawa, ya ƙare ranar 10 ga watan Tishri, wato Yom Kippur ko Ranar Kafara. Kwana 10 na ƙarshe, daga Rosh Hashana, ranar sabuwar shekara, zuwa Yom Kippur, su ake kira Kwanaki Goma na Tuba, kuma su ne Yamim Nora'im, Ranakun Kwarjini. Saboda kalandar Yahudawa tana bin wata amma ana daidaita ta da rana, kwanakin goma sukan faɗo tsakanin Satumba da Oktoba.

Asali

Littafin Firistoci na Attaura ya umarci Bani Isra'ila su huta ranar farko ta wata na bakwai, wato Tishri a lissafin watanni na Attaura, tare da busa ƙaho, sannan su ƙasƙantar da kansu ranar goma ga watan. Sura ta 16 ta bayyana abin da babban firist yake yi a wannan rana: sau ɗaya tak a shekara yake shiga Wuri Mafi Tsarki, ana kawo bunsuru biyu a yi musu ƙuri'a, a yanka ɗaya, ɗayan kuma ya ɗora hannuwansa a kansa ya furta laifuffukan jama'a, a kora shi jeji. Malamansu sun kuma danganta kwana 40 ɗin da hawan Annabi Musa Dutsen Sina'i bayan mutanensa sun bauta wa maraƙin zinariya, suka ce ranar 10 ga Tishri ya sauko da alluna na biyu, alamar an yafe musu.

Da Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 miladiyya, hadaya ta tsaya cik, kuma tambaya mai nauyi ta taso: da me za a kankare zunubi alhali ba bagade ba firist? An ruwaito cewa Rabbi Yohanan ben Zakkai ya lallashi almajirinsa Rabbi Yoshuwa, wanda ke kukan ganin kufan Haikali, ya ce masa akwai wata kafarar da ta kai waccan, wato ayyukan alheri, ya kafa hujja da faɗin Annabi Hosiya cewa jinƙai Allah yake so, ba hadaya ba. Tun daga nan nauyin da ke kan firist ɗaya ya koma kan kowane mutum, da zuciyarsa da bakinsa da hannunsa.

Elul da Rosh Hashana

A watan Elul Yahudawan Ashkenazi, waɗanda asalinsu tsakiya da gabashin Turai ne, suna busa shofar kowace safiya in ban da Asabar da jajibirin sabuwar shekara, ana kuma ƙara karatun Zabura ta 27. Shofar ƙahon rago ne da aka huda, ba shi da wani ado na sauti, kukansa mai kaushi ne. Akwai kuma addu'o'in neman gafara da ake kira Selihot, waɗanda Yahudawan Sefardi, na Andalus da Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ke tashi da asuba su yi tun daga farkon watan, su kuwa Ashkenazi sai 'yan kwanaki kafin Rosh Hashana. Ginshiƙinsu siffofin rahama 13 na Allah da ke cikin sura ta 34 ta Littafin Fitowa.

Rosh Hashana kwana biyu ce, 1 da 2 ga Tishri, kuma ana ɗaukarta ranar hisabi. Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ce a ranar ana buɗe littattafai uku: salihai na sosai a rubuta su nan take cikin na rai, miyagu na sosai cikin na mutuwa, 'yan tsaka-tsaki kuwa a dakatar da hukuncinsu zuwa Yom Kippur, a ga yadda za su yi da kwanakin da ke tsakani. An koyar da kowa ya ɗauki kansa cikin 'yan tsaka-tsakin nan. A yawancin majami'u ana busa shofar sau 100 a kowace rana ta bikin muddin ba Asabar ba ce, da kuka iri uku: dogo guda, karyayye kashi uku, da gajejjeru a jere kamar shessheƙa. Wata tsohuwar waƙar ibada mai suna Unetane Tokef tana lissafa wanda zai rayu da wanda zai mutu a shekarar, wa da ruwa wa da wuta, sannan jama'a su ɗaga murya tare su ce tuba da addu'a da sadaka suna kawar da tsananin hukunci. Da yammacin ranar farko mutane da yawa sukan je bakin ruwa su karanta ayar Annabi Mika mai cewa Allah zai jefa zunubai cikin zurfin teku, al'adar da ake kira Tashlik, wadda aka fara ambata a Jamus a ƙarni na 15.

Sharuɗɗan tuba

Wanda ya fi kowa tsara hukunce-hukuncen tuba shi ne Musa ɗan Maimun, masanin shari'a da falsafa kuma likita, haifaffen Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a Fusɗaɗ ta Masar a 1204. A cikin kundinsa na shari'a, Mishne Tora, ya ware wa tuba sura 10. A wajensa dole mai tuba ya bar laifin, ya yi nadamar abin da ya wuce, ya ƙudura a ransa ba zai koma ba, sannan ya furta da bakinsa a gaban Allah. Furucin nan, da ake kira widui, ba a yi wa wani malami shi, tsakanin bawa ne da Ubangijinsa. Wanda kuwa ya furta da baki amma bai yi niyyar bari ba, ya ce kamar mai shiga ruwan tsarki ne riƙe da mushen ƙadangare a hannu, wanka ba zai amfane shi ba sai ya yar da abin da yake riƙe.

Ma'aunin da ya gindaya wa cikakkiyar tuba mai tsauri ne, kuma a nan ne koyarwar ta fi nuna ƙarfinta. Ba yawan kuka ba ne, ba kuma tsawon tsayuwa a majami'a ba. Sai mutum ya sake samun kansa cikin halin da ya taɓa faɗawa, ga dama ga iko ga sha'awa duk suna nan yadda suke, amma ya janye, ba don tsoron mutane ko gazawar jiki ba. Wanda ya tuba bayan tsufa ya karya shi, tubarsa karɓaɓɓiya ce, ko da a ranar mutuwarsa ne, sai dai ba ita ce mafi daraja ba. Duk wannan ya ginu a kan imaninsa cewa an ba ɗan Adam zaɓi, babu wanda aka tilasta wa zama nagari ko mugu. Ya kuma faɗaɗa tuba ta wuce ayyuka irin sata da zina, ta shafi halaye kamar fushi da hassada da gaba da kwaɗayin dukiya da girma, ya ce waɗannan sun fi wuyar rabuwa da mutum.

Haƙƙin mutane

Mishna, kundin hukunce-hukuncen Yahudawa na baka da aka tattara wajajen shekara ta 200 miladiyya, ta yanke wata magana da ta zama ƙashin bayan waɗannan kwanaki: laifin da ke tsakanin mutum da Allah, Ranar Kafara tana kankare shi, amma laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa ba ta kankare shi sai ya nemi yardar wanda ya cuta. Ta kuma ce mai cewa "zan yi zunubi in tuba, in sake yi in tuba" ba a ba shi damar tuba. Mai karatu Musulmi zai ga kusancin wannan da bambancin da malaman Musulunci ke yi tsakanin haƙƙin Allah da haƙƙin bayi.

Hukuncin bai tsaya ga fatar baki ba. Wanda ya ci dukiyar wani dole ya mayar, wanda ya ji wa wani rauni dole ya biya diyya, kuma ko bayan ya biya sai ya tako ƙafa ya nemi yafiya, ko da da magana kawai ya ɓata masa rai. Idan wanda aka cuta ya ƙi, mai laifin ya koma da abokansa uku su roƙa tare da shi, ya sake komawa karo na biyu da na uku. In har yanzu ya ƙi, mai laifi ya fita, zunubi ya koma kan mai riƙon, gama an hana mutum ya zama mai taurin zuciya ga wanda ya zo da gaskiya. Idan malaminsa ne ya ɓata wa, Musa ɗan Maimun ya ce ya yi ta komawa ko da sau dubu ne. Idan kuwa wanda aka zalunta ya riga mu gidan gaskiya, sai a tara mutum 10 a bakin kabarinsa, mai laifi ya furta a gabansu cewa ya saɓa wa Allah ya kuma saɓa wa wannan mutum, dukiyar kuma a miƙa wa magada.

Shi ya sa a kwanakin nan za a ga wa ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙaninsa bayan shekaru ba sa ga maciji, ko mai shago ya kira tsohon yaronsa ya ba shi haƙƙinsa da ya danne. Wannan ya fi azumin yini guda wuya nesa ba kusa ba, kuma daidai ne da malaman suka sa shi gaba, domin ibadar da ke wanke mai zalunci ta bar wanda aka zalunta da ciwonsa ba za ta gyara komai a cikin al'umma ba.

Darajar mai tuba ma babba ce. Rabbi Abbahu ya ce inda masu tuba ke tsayawa, salihai na sosai ba sa iya tsayawa. Resh Lakish, wanda aka ce ɗan fashi ne kafin ya zama babban malami, ya koyar da cewa tuba don tsoro tana mayar da laifin ganganci kamar kuskure, tuba don ƙauna kuwa tana mayar da shi lada. An haramta a yi wa mai tuba gori da abin da ya bari.

Yom Kippur

Asabar ɗin da ke cikin kwanaki goma ana kiranta Shabbat Shuba, domin a ranar ake karanta kiran Annabi Hosiya ga Isra'ila ta komo ga Ubangijinta. A jajibirin Yom Kippur wasu kan kewaya kaza a kansu a yanka a ba matalauta, al'adar da manyan malamai irin Yusuf Karo suka soka, kuma da yawa yanzu kuɗi suke bayarwa a madadinta.

Azumin yana farawa kafin faɗuwar rana, ya kai kusan awa 25. An hana ci da sha, wanka, shafa mai, sa takalmin fata da kusantar iyali, amma yara ba sa yi, marar lafiyar da azumi zai jefa cikin haɗari kuwa wajibi ne ya ci, domin ceton rai yana gaba da azumi. Mutane da yawa suna sa farare, mazan Ashkenazi kuma wata farar riga mai suna kitel, irin wadda ake binne su da ita. Ana buɗe daren da Kol Nidre, sanarwa da harshen Aramiya da ake maimaitawa sau uku kan warware alwashin da mutum ya ɗaukar wa kansa a gaban Allah, ba alkawarin da ke tsakaninsa da mutane ba.

Ibada biyar ake yi daga dare zuwa faɗuwar ranar gobe, kuma ana ta maimaita widui a tsaye, kai a sunkuye, ana bugun ƙirji da hannun dama a kan kowane laifi. An jera laifuffukan bisa haruffan Ibrananci daga na farko zuwa na ƙarshe, kuma da bakin jam'i: mun yi laifi, mun ci amana, mun yi ƙwace, mun yi ɓatanci. Mutum yana furta har abin da bai aikata ba, saboda ana ganin al'umma tana ɗauke da alhakin juna, kuma hakan yana rufa wa mai laifin gaske asiri. Abin lura, kaso mai yawa na jerin laifin harshe ne, irin su tsegumi da ƙarya da ba'a. Da safe ana karanta sura ta 58 ta Annabi Ishaya, wadda ke tsawata wa masu azumi suna zaluntar ma'aikatansu, ta ce azumin da Allah ya zaɓa shi ne kwance ɗaurin zalunci da raba abinci da mayunwaci. Da la'asar ana karanta labarin Annabi Yunusa da mutanen Nineba, waɗanda ba Bani Isra'ila ba ne, amma suka tuba aka ɗauke musu azaba. Ibadar ƙarshe, Ne'ila, tana zuwa ne rana na gab da faɗuwa, lokacin da ake cewa ana rufe ƙofofi, roƙon "rubuta mu" ya koma "hatimce mu". Ana kammalawa da shaidar kaɗaita Allah, a faɗi "Ubangiji shi ne Allah" sau bakwai, a busa shofar.

A zamanin yau

Yom Kippur ita ce ranar da majami'u suka fi cika a shekara, har da waɗanda ba sa zuwa sauran lokuta. A Isra'ila gidajen rediyo da talabijin suna rufewa, filin jirgin saman Ben Gurion ya tsaya, manyan tituna su zama wayam sai yara a kan kekuna. An san labarin masanin falsafa Franz Rosenzweig, wanda ya yi niyyar shiga Kiristanci, amma bayan ya halarci Yom Kippur a wata majami'a a Balin a 1913 ya zauna a addinin kakanninsa. Tun daga shekarun 1960 kuma ana kiran Yahudawan da suka tashi ba ruwansu da addini sannan suka rungumi kiyaye shari'a da suna ba'alei teshuba, ma'abota tuba, har an buɗe musu makarantu a Urushalima da Amurka.

Da an sha ruwa, al'ada ce a fara kafa bukkar bikin Sukkot tun a daren, bikin da ke kamawa ranar 15 ga Tishri. Malaman Kabbala, sufancin Yahudawa, suna ganin hukuncin shekara ba ya kammala sai ranar bakwai ta wannan biki, Hoshana Rabba, 21 ga Tishri, shi ya sa wasu ke raya darenta da karatu da addu'a.