Wai me ake nufi da "inbata" a jikin maikirowef?

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka raja'a kan sola, kalmar inbata ta shiga bakin kowa, masu talla a rediyo ma komai suka ɗauko sai sun liƙa masa ita, firji mai inbata, AC mai inbata, yanzu har maikirowef. To wallahi nan ake cutar mutanenmu na ƙauye, kuma abin yana min ciwo.

Inbatar sola dai kowa ya santa, akwatin nan da ke karɓar wutar batir ya mai da ita irin ta nefa. Amma wadda aka rubuta a jikin maikirowef wata na'ura ce can cikinta, ba abin da ya haɗa ta da faifan sola. Maikirowef ta da in ka rage mata wuta ba ragewa take ba, kunnawa take da duk ƙarfinta ta ɗauke ta sake kunnawa, in ka kasa kunne ma za ka ji ƙarar na canzawa, shi ya sa in ka sa daskararren nama gefe sai ya fara dahuwa tsakiya na nan ƙanƙara. Mai inbata kuwa ragewar gaske take, wutar na tafiya a hankali ba yankewa. Iyakar ma'anar kenan fa.

Da muke haɗa kayan ɗakin ƙanwata a nan wajen Ringim, kawu ya dawo daga Kano da kwalin maikirowef ɗaure a bayan mashin yana ta murna, wai mai shago ya ce masa "Alhaji ai wannan mai inbata ce, sola kawai za ka jona mata". Gidan mijin 'yar ƙaramar inbatar sola gare su mai ƙarfin 1kVA da batir ɗaya. Ranar da amarya ta sa miyar kuka za ta ɗumama, tana danna maɓalli inbatar ta hau ƙara, fitilu suka ɗauke gaba ɗaya, ga dangin miji zaune a tsakar gida.

Da na juya bayan maikirowef ɗin na duba takardar da ke manne sai na ga inda gizo ke saƙar. Wat 700 da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali zafin da ke shiga abinci ne kawai, wanda take ja daga soket kuwa ya haura 1,100, alhali 1kVA da ƙyar take ba da wat 800. Ko ƙaramin janareta Tiger ba zai ɗauke ta ba. Don Allah wannan lambar ta baya ita za ku karanta kafin ku miƙa kuɗi, ku gwada ta da ƙarfin wutar gidan da za a kai yarinya, nefa ce ko sola ce ko janareta.

Ta ƙanwata tana nan kan kabad an lulluɓe ta da leda, kullum da safe a tukunya kan gawayi take ɗumamen tuwonta, kawu kuwa har yau bai gama biyan bashin kayan ba.