Halictidae: Ƙudan Zuma Masu Lasar Gumi

Halictidae dangi ne na ƙudan zuma mai nau'o'i kusan 4,500, wanda in ban da Apidae, dangin ƙudan zuman da aka saba ɗibar zumarsu, babu dangin da ya fi shi yawa. Ana samun su a kowace nahiya sai Antatika kaɗai. Sun yi suna da sauka a jikin mutum lokacin zafi don su lashi gishirin da ke cikin gumi. Kada a rikita su da galla, wadda ita ma takan addabi fuskar mai zufa a daji: galla 'yar dangin Apidae ce, ba ta harbi, tana kuma tara zuma. Halictidae kuwa ba su da zumar da za a ɗiba, shi ya sa mutane ba su cika kula su ba, alhali aikin da suke yi wa gona ya cancanci a san su.

Kamanni da rayuwa

Yawancinsu ƙanana ne, daga milimita 4 zuwa 10. Wasu baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, wasu kuma, irin su Agapostemon da Augochlora na nahiyar Amurka, kore shar ne masu ƙyalli. Mace ce kaɗai ke harbi, ita ma sai an matse ta. Masanin ƙwari Justin Schmidt, a ma'auninsa na zafin harbi mai hawa 1 zuwa 4, ya ajiye harbinsu a hawa na 1.

Akasarinsu a ƙasa suke gida. Mace takan haƙa rami mai 'yan ɗakuna, ta shafe bangon kowanne da wani maiƙo daga jikinta don kada ruwa ya shiga, ta dunƙule garin fure da ruwan zaƙinsa, ta saka ƙwai ɗaya a kai. Wannan dunƙulen shi ne abincin tsutsar har ta girma. Jinsin Sphecodes ba ya tara komai: ramin wata yake shiga ya saka ƙwansa a kan abincinta.

Abin da ya fi jan masana gare su shi ne zamantakewarsu. A dangi guda akwai masu zaman kaɗaici, akwai masu tarayya a ƙofar rami ɗaya kowace da 'ya'yanta, akwai kuma masu sarauniya da ma'aikata. Har nau'i ɗaya yakan sauya hali: Halictus rubicundus yana zaman jama'a inda ɗumi ke daɗewa, amma a tsaunuka masu sanyi, inda lokaci ba ya isa a yi haihuwa biyu, kowace mace ta kanta take yi. Sarauniyar Lasioglossum marginatum takan kai shekara biyar zuwa shida. Charles Michener na Jami'ar Kansas ya shafe shekaru yana nazarinsu don gano yadda zaman jama'a ya faro a cikin ƙwari.

Amfani ga noma

Suna barbarar furannin daji da na gona masu ɗimbin yawa. A kwarin Touchet da ke jihar Washington ta Amurka, manoman da ke samar da irin shuka na alfalfa, wata ciyawar dabbobi, suna keɓe filaye masu laima da gishiri domin Nomia melanderi, wani nau'i na wannan dangi, ya yi ramukansa, har akan rage gudun motoci zuwa mil 20 a awa a hanyoyin wurin lokacin fitowarsu. A Afirka, wasu nau'o'in Lipotriches suna kwasar garin furen ciyayi, har da masara da dawa, da sassafe. Huɗa mai zurfi da feshin maganin ƙwari lokacin da gona ke fure su ne ke yi musu ɓarna.

Ɗaukar su hoto

Ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya iya bambance su, don haka hoto na kusa ya zama babbar hanyar saninsu. Ana amfani da gilashin kyamara mai fito da abu a kan ma'aunin 1:1, wato girman ƙudan a kan allon da ke karɓar hoto daidai yake da girmansa na zahiri. Matsalar ita ce a wannan kusancin abin da ke fitowa tas bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba. Idan ido ya fito, fiffike sai ya yi dishi-dishi. Saboda haka akan tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11, a ƙara da fitilar kyamara da aka lulluɓe da farin abu mai tausasa haske, domin jikin masu ƙyalli yana mayar da haske har launinsu ya ɓace. Sassafe ya fi, kafin jikinsu ya ɗumama su fara zirga-zirga, kuma gara a zauna kusa da fure ɗaya a jira da a riƙa bin su.

Hoto mai kyau daban, hoto mai amfani ga masani daban. Alamar dangin ita ce wata jijiya mai lanƙwasa sosai a fiffiken gaba. A Halictus, layukan farin gashi suna ƙarshen kowace gaɓar ciki, a Lasioglossum kuwa, mai nau'o'i sama da 1,700, suna farkon gaɓa. Don haka ana bukatar hoto ta gefe, ta sama da ta fuska, tare da sunan furen da wurin da kwanan wata, kafin a ɗora a iNaturalist, shafin intanet da ake tura hotunan halittu don a tantance su. Duk da haka, yawancin Lasioglossum ba a tantance nau'insu sai da madubin ƙara girma a ɗakin bincike.