Tsaron Baƙo a Wuraren Wasan Zamiya Kan Dusar Ƙanƙara

Wuraren wasan zamiya ƙauyuka ne da ƙananan garuruwa da ke kan tsaunuka masu sanyi, inda baƙi ke zuwa su ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa su gangaro daga tudu a kan dusar ƙanƙara. Waɗanda suka fi suna suna tsaunukan Alps, tsakanin Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya. A can Chamonix take, garin da aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. A Turkiyya akwai Uludağ kusa da Bursa da Erciyes kusa da Kayseri, a Jojiya akwai Gudauri, a Afirka kuma akwai Oukaïmeden ta Maroko. A waɗannan ƙasashe kakar wasan takan kama daga Disamba zuwa Afrilu.

Mutanen Katsina da Daura da ke kaiwa irin waɗannan wurare galibi ɗalibai ne da ke karatu a Turkiyya ko Turai, sai 'yan kasuwa, sai ma'aikatan da taro ya kai su Janeba suka ce bari su leƙa tsauni kafin su dawo. Idan aka ce wa Bakatsine "tsaro" a yau, abin da ke fara zuwa masa shi ne 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane a hanyar Jibiya ko Batsari. Da ya sauka a ƙauyen tsauni ya ga babu shingen bincike, yara na yawo su kaɗai, sai ya saki jiki. Ta fuskar fashi da makami yana da gaskiya, domin abu ne da ba kasafai ake jin sa a can ba. Abin da ke cutar da baƙo a can shi ne ƙananan sace-sace, da damfara, da sakacin masu wuri, da dokar da zai karya bai san ya karya ba.

Sata da damfara

Satar da ta fi yawa ita ce ta allunan zamiya. Da tsakar rana mutane kan jingine allunansu a ƙofar gidan abinci su shiga, ɗaruruwa a jere, kuma babu mai tambayar wanda ya ɗauka ko nasa ne. Tsofaffin hannu kan raba su: abokai biyu su yi musayar ƙafa ɗaiɗai su jingine nesa da juna, kamar yadda ake raba takalma a masallacin Juma'a. Wanda ya yi hayar alluna ya sani cewa idan suka ɓata shi zai biya, sai fa in ya ƙara ɗan kuɗin inshora a shagon tun lokacin karɓa. Waya da jakar kuɗi kuwa, an fi rasa su kafin a kai tsaunin, a tashar jirgin ƙasa ko filin jirgin sama, inda 'yan sane ke lura da mai kaya niƙi-niƙi.

Damfara takan fara tun mutum yana gida. Ana buɗe shafin intanet da hotunan gidan haya na gaske da aka kwaso daga wani wuri, a sa farashi mai sauƙi, a nemi a tura kafin alƙalami ta banki kai tsaye. Sai an isa da iyali cikin dare da sanyi a tarar gidan na wani ne. Akwai kuma masu tsayawa kusa da wurin sayar da tikiti suna sayar da katin hawan kujerun igiya masu kai mutane saman tsauni da arha. Katin na mutum ɗaya ne, ba a ba da aronsa, a wurare da yawa ma da hoton mai shi a kwamfutar ƙofa. Wanda aka kama da na wani za a ƙwace a ci shi tara, ko da shi ma cutarsa aka yi. A Faransa doka ta hana koyar da zamiya don kuɗi ba tare da takardar shaida ba, don haka makarantar da aka sani ta fi mutumin da ya tare ka a bakin hanya.

Da yamma waɗannan garuruwa sukan koma na shaye-shaye. Nan ake samun faɗa, da zuba wa mutum ƙwaya a abin sha, wanda ba ruwansa da ko giya ce a kofin ko lemo. An sha tsintar gawar wanda ya fito da dare shi kaɗai, ya ɓata hanya, sanyi ya kashe shi kusa da masaukinsa.

Lokacin da baƙo ne mai laifi

Wannan ɓangaren ne aka fi jahilta, kuma shi ya fi cancantar a tsaya a kai. Hukumar wasan zamiya ta duniya, FIS, tana da ƙa'idoji 10 na hali a kan gangare, kuma kotunan Turai kan duba su idan an yi karo. Babbar cikinsu ita ce, wanda ke tahowa daga sama shi ke da alhakin kauce wa na gabansa. Wata ta wajabta taimakon wanda ya ji rauni, wata kuma ta ce duk wanda hatsari ya shafa, har da wanda ya gani da ido, ya ba da sunansa da adireshinsa. Wanda ya buge mutum ya wuce ya jawo wa kansa shari'a. "Ni sabon shiga ne" ba hujja ba ce, don ƙa'idar ta ce kowa ya yi gudu daidai iyawarsa.

Muƙami ma ba ya kare mutum. Ranar 1 ga Janairun 2009, Dieter Althaus, shugaban gwamnatin jihar Thuringia ta Jamus a lokacin, ya yi karo da wata mata a Ostiriya ta rasu, kotu kuma ta same shi da laifin kisa ta hanyar sakaci ta ci shi tara. Italiya ta ƙara ɗaure abin: daga 1 ga Janairun 2022 sai mai zamiya yana da inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni, kuma an hana hawa gangare cikin maye.

Dokoki biyu sun shafi mutanenmu kai tsaye. Mai shiga Tarayyar Turai da tsabar kuɗi Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan, abin da ɗan kasuwar da ya saba ɗaukar kuɗi a jiki kan manta. Ta biyu ta hana rufe fuska ce a bainar jama'a: Faransa ta fara aiki da ita a 2011, Ostiriya a 2017, Suwizalan a farkon 2025. Rufe fuska saboda sanyi a kan gangare ba laifi ba ne, hijabi ma ba a hana ba, amma mai niƙabi a cikin gari za a iya cin ta tara. Gara maigida da uwargida su san haka tun suna Katsina.

Sakacin masu wuri

Asarar rayuka mafi muni a waɗannan wurare daga gobara da lalacewar na'ura take zuwa. Ranar 11 ga Nuwamban 2000, jirgin da ke hawa da 'yan wasa ta cikin ramin dutse a Kaprun ta Ostiriya ya kama da wuta, mutum 155 suka mutu. Mutum 12 da suka tsira su ne waɗanda suka bi ta ƙasa, domin hayaƙin sama ya nufa. Ranar 21 ga Janairun 2025 wuta ta tashi cikin dare a otal ɗin Grand Kartal da ke Kartalkaya ta Turkiyya, ana tsakiyar hutun makaranta, ta ci rai 78, da yara da yawa a ciki. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙarar na'urar gargaɗi ba, an kuma gurfanar da mai otal ɗin da wasu jami'ai a gaban kotu. Gine-ginen tsauni da yawa katako ne ya lulluɓe su, motar kashe gobara kuma daga nesa take hawowa. Minti biyu sun isa baƙo ya taka matakalar fita ya tabbatar ƙofarta tana buɗewa a daren da ya sauka.

Dutsen da jikin mutum

A Turai ana auna hatsarin zaftarewar dusar ƙanƙara daga mataki na 1 zuwa na 5, ana kuma kafa shi kullum a wurin hawa. Sabon shiga ba shi da dalilin tsallake igiyar da ta shata gangare. Wanda dusa ta binne, idan ba a tono shi cikin kimanin minti 15 ba, damar rayuwarsa tana raguwa da sauri. Hular kwano kuma ba ado ba ce. A Maris ɗin 2009 'yar wasan kwaikwayo Natasha Richardson ta faɗi a gangaren masu koyo a Mont Tremblant ta Kanada, ta tashi tana magana ta ce ba ta buƙatar likita, bayan kwana biyu ta rasu saboda jini ya taru a kanta.

Akwai abin da takardun 'yan yawon buɗe ido ba su cika ambata ba, alhali mu ya fi shafa: sikila. Katsina tana kan kimanin mita 500 daga teku, Val Thorens ta Faransa kuwa mita 2,300, gangarenta ma sun fi haka. Ƙarancin iskar shaƙa da tsananin sanyi da bushewar jiki, ukun nan duka suna tayar da ciwon. Mai AS ma, wanda bai taɓa kwanciya ba, kan iya samun matsalar saifa a kan tsauni. Mai sikila ya ga likitansa kafin ya yanki tikiti, mai AS kuma idan ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ta sama ya nemi asibiti, ya gaya musu cewa shi AS ne.

Idan abu ya faru

Lambar gaggawa a Tarayyar Turai da Suwizalan da Turkiyya ita ce 112, a Amurka da Kanada 911. Ceto a kan gangare ba kyauta ba ne a wurare da yawa, musamman in jirgi mai saukar ungulu ya taso. Inshorar Yuro 30,000 da ake nema kafin a ba da bizar Schengen, ta shiga yawancin ƙasashen Turai, sau da yawa ba ta haɗa da wasan zamiya ba, sai an ƙara shi da suna. Wanda aka yi wa sata ya karɓi rahoton 'yan sanda a rubuce, don kamfanin inshora ba ya biya sai da shi. In fasfo ne ya ɓata, da wannan rahoton za a je ofishin jakadancin Najeriya a Paris ko Bern ko Vienna ko Roma ko Ankara a nemi takardar tafiya ta gaggawa, kuma aikin ya fi sauri ga wanda ya ajiye hoton fasfonsa da na bizarsa a waya, ya kuma bar kwafi wajen wani ɗan'uwa a gida.