Mai kula da lafiyar 'yan wasa: wane ne shi, kuma ta ina ake shiga karatun?

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san su da gani. Ɗan wasa ya faɗi ya kasa tashi, alƙali ya yafuto da hannu, sai ka ga mutum biyu sun sheƙo daga gefen fili da jaka. A Turai yawanci likita ne da ƙwararren gashin ƙashi, wanda mu a nan muke ce wa kine. A Amurka kuwa akwai wata sana'a daban da aka ware don wannan aiki, mai yin ta suna ce masa atiletik tirena. Sunan ya fara yawo a wayoyin matasanmu na Damagaram ta cikin tallan jami'o'in waje, kuma da yawa in sun gani sai su ɗauka karatun zama koci ne. Akwai iyayen da har sun fara lissafin sayar da fili a kan wannan fahimta, shi ya sa ya kamata a warware maganar.

Mutumin nan ba koci ba ne, ba kuma mai koya wa mutane ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki ba ne. Ma'aikacin lafiya ne. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da sana'ar cikin sana'o'in kiwon lafiya tun 1990, ƙungiyar masu aikin kuma, wato NATA, an kafa ta a 1950. Yana aiki tare da likita, bisa jagorancinsa. Koci yana tunanin yadda za a ci wasan yau. Shi kuwa tunaninsa gwiwar yaron da zai buga wasan, da yadda za ta kai shi shekara goma nan gaba. Aikinsa ya haɗa da rigakafin rauni, gane irin raunin da aka ji, agajin gaggawa a fili, jinya da atisaye har mutum ya koma wasa, da rubuta komai a takarda. A inda aka san darajar aikin, idan ya ce yaro ba zai koma fili ba, koci ba shi da ta cewa.

A duba abu mafi yawan faruwa a filayen unguwa, targaɗen idon sawu. Yaro ya taka gefen ƙafa, ya zube yana riƙe da sawu. Abin da muka saba gani shi ne abokai su taru, wani ya kama ƙafar ya fizga, wani ya murza da man zafi, a ce masa tashi ka taka, kai namiji ne. Wanda ya yi karatu zai durƙusa ya cire takalmin a hankali, ya tambayi yaron ta wane gefe ƙafar ta juya, ko ya ji ƙara. Sannan ya bi bayan ƙashin idon sawu da babban yatsa, ciki da waje, kimanin santimita 6 daga ƙasa zuwa sama, yana kallon fuskar yaron. Ya danna gindin ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa, da wani ƙashi ta cikin tsakiyar ƙafar. Sai ya ce ya gwada taku huɗu. Idan akwai zafi a kan ƙashin kansa, ko yaron ya kasa takun nan huɗu, sai asibiti a ɗauki hoton ƙashi. Idan babu, galibi jijiya ce ta ji ciwo: a sa ƙanƙara, a naɗa bandeji, a ɗaga ƙafar, daga baya a fara atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya don kada abin ya riƙa dawowa. Wannan tsarin gwaji likitocin birnin Otawa na Kanada ne suka fito da shi a 1992. Bai buƙatar na'ura ko ɗaya, hannu ne da ido da sanin inda kowane ƙashi yake.

Ba ina rena maɗoranmu ba ne. Sun gaji aikin, sun taimaki mutane tun kafin a gina asibiti a garin nan. Amma jijiyar cikin gwiwa da ta tsinke ba ta jin ɗori, girgizar ƙwaƙwalwa kuma ba a ganin ta da ido. Ɗan kokawar da kansa ya bugi ƙasa, ya tashi yana layi, ya kasa faɗin da wa yake karawa, bai kamata ya sake shiga fili a ranar ba ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa muke alfahari da kokawa, filin Langa-Langa yakan cika maƙil. 'Yan kokawar nan da muke yi wa kirari sun cancanci a samu wanda ya san irin wannan rauni a tsaye a bakin fili, tun daga wasannin ƙauye.

Wani lokaci maganar ta wuce rauni, ta zama ta rai. Ranar 2 ga Janairun 2023, zuciyar Damar Hamlin, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Buffalo Bills, ta tsaya a tsakiyar fili. Wanda ya durƙusa yana danna masa ƙirji, Denny Kellington, mai irin wannan sana'a ne. Hamlin ya rayu, har ya koma wasa. Mu kuma a Afirka muna tuna Samuel Okwaraji da ya faɗi a Legas a 1989 ana wasa da Angola, da Marc-Vivien Foé na Kamaru da ya faɗi a birnin Liyon na Faransa a 2003 yana ɗan shekara 28. Rai na Allah ne, ajali kuma ba ya jira. Sai dai an umarce mu da neman magani, kuma masana sun nuna cewa kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya komai ba, damar tsirarsa na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti abu ne da ake koyo a yini guda.

Akwai kuma abin da ya fi shafar mu, wato zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40, kuma a lokacin ne yara ke buga ƙwallo da la'asar, wani zubin ma da azumi a baki. Idan zafin cikin jiki ya wuce digiri 40, yaro ya fara sambatu ko ya ruɗe, ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce a fara sanyaya shi nan take, a tsoma shi cikin ruwan sanyi ko a yi ta kwara masa ana fifita, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti. Ana so zafin ya sauka cikin minti 30. Haka batun sikila: wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya yakan yi rayuwarsa lafiya, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishi na iya kayar da shi. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara wajabta gwajin sikila ga 'yan wasa a manyan jami'o'inta tun 2010. Mu da muka fi su yawan masu ɗauke da ita, ƙungiyoyi nawa ne suka san jinin 'yan wasansu?

To ina ake karatun? A Amurka, da can digirin farko ya isa. An canza wannan: daga bayan 2022 sai da digiri na biyu, wato masta, ake shiga sana'ar. Ɗalibi zai fara yin digirin farko na shekara huɗu, galibi a kimiyyar motsa jiki ko ilimin halittu, sannan ya nemi masta ta shekara biyu. Wasu jami'o'in sun haɗe su zuwa shekara biyar. Dole ne kuma shirin ya zama wanda CAATE, hukumar da ke sa ido kan karatun wannan sana'a, ta tantance, domin wanda ya fito daga shirin da ba ta amince da shi ba, ba zai zauna jarrabawar hukumar BOC ba, kuma ita ce jarrabawar da ke ba mutum shaidar ƙwarewa. Bayan ita akwai lasisin jiha, wanda kusan dukkan jihohin Amurka suke nema. Ko bayan an fara aiki karatu bai ƙare ba, duk shekara biyu sai mutum ya kawo shaidar ƙarin ilimi.

Sharuɗɗan shiga mastar su ne inda burin yara da yawa ke tsayawa. Kafin a duba takardarka sai ka nuna ka yi darussa shida a matakin jami'a: ilimin halittu, kimiyyar sinadarai, fiziks, ilimin halayyar ɗan Adam, ilimin sassan jiki, da ilimin yadda sassan ke aiki. Yawancin jami'o'i na neman maki 3 cikin 4 a sakamakon digirin farko. Suna neman shaidar cewa ka tsaya kusa da wani ƙwararre kana kallon aikinsa na wasu sa'o'i, sau da yawa wajen 50, da takardar koyon farfaɗo da zuciya, da wasiƙun malamai, da bayanin dalilin da ya sa kake son aikin. Wasu sukan yi hira da kai. Ɗan Nijar yana da ƙarin nauyi biyu: jarrabawar Ingilishi irin TOEFL ko IELTS, da kai takardunsa wata hukuma ta auna su, domin digirinmu na farko, wato lisans, shekara uku ne, digirinsu kuma huɗu, ba kowace jami'a ce ke daidaita su ba. Kuɗin makaranta da na zama kuwa dubban daloli ne a shekara. Babu inda aka tambayi ƙwallo nawa ka ci ko mutum nawa ka kayar. Iya wasa yana taimaka maka fahimtar ɗan wasa, amma ba ya cikin sharuɗɗa.

A ƙasashen da ke bin tsarin Faransa ba a san sana'ar da wannan suna ba. An raba aikin tsakanin likitan wasanni, da kine, da mai shirya ƙarfin jikin 'yan wasa. A Faransa kine yakan yi shekara ɗaya a jami'a, sannan huɗu a makarantar sana'ar. Kusa da mu, Kwatano na da makarantar kine a ƙarƙashin jami'ar Abome-Kalabi, Lome ma tana horar da su a makarantarta ta ma'aikatan lafiya. A Kano, wadda ta fi Yamai kusa da mu nesa ba kusa ba, Jami'ar Bayero na da sashen gashin ƙashi. Karatun a Najeriya shekara biyar ne zuwa shida, ana neman sakamako mai kyau a Ingilishi, lissafi, fiziks, kimiyyar sinadarai da ilimin halittu. A Yamai, INJS, cibiyar matasa da wasanni ta ƙasa, ke horar da malaman motsa jiki da jami'an wasanni. Nan gida kuma Jami'ar André Salifou na da tsangayar kiwon lafiya, ga kuma makarantar ENSP mai yaye ma'aikatan jinya. A ganina, ga ɗan Damagaram, hanya mafi tabbas ita ce ya fara zama cikakken ma'aikacin lafiya, likita ko kine ko malamin jinya, sannan ya ƙara ƙwarewa a kan wasanni. Takardar BOC an yi ta ne don aiki a Amurka da 'yan ƙasashen da suka yi yarjejeniya da ita, irin Kanada da Ayalan. Kine kuwa ko babu ƙungiyar da ta ɗauke shi, asibiti na buƙatarsa, ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga waɗanda suka yi haɗarin babur.

Duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, kuma ana karɓar sa ne tun yaro na ɗan shekara 15 ko 16, ranar da ya ci BEPC aka zo zaɓen sashe. Wannan ne ya fi damuna. Yaron da ya fi kowa son wasa shi ne aka fi yawan cewa kansa ba ya ja, a tura shi duk inda aka samu gurbi. Bak A na da amfaninta, amma ba kasafai take kai mutum tsangayar kiwon lafiya ba, Bak D ko C ake nema. Malamin motsa jiki da ya ga yaro mai natsuwa, wanda in abokinsa ya faɗi shi ke fara durƙusawa, ya kamata ya kira mahaifinsa ya ce, "Alhaji, yaron nan a taimaka masa da lissafi da kimiyya, akwai aikin da ya dace da shi." 'Yan mata ma haka, ko ma fiye. Fiye da rabin mambobin NATA mata ne. A garinmu, yarinyar da ta ji ciwo a cinya wajen gudu ko ƙwallon hannu za ta gwammace ta yi shiru da ta bari namiji ya duba ta, iyayenta ma ba za su yarda ba. In babu mata a aikin, raunin 'yan matan zai ci gaba da ɓuya a cikin ɗaki.

Kafin a kai jami'a akwai abin yi. Ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj tana koyar da agajin farko, takardarta kuma tana da amfani ko'ina. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da FIFA ta fitar a 2006, mai suna 11+, wanda bincike ya nuna yana rage raunuka da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kyauta yake a intanet, kowace ƙungiyar unguwa za ta iya fara shi gobe. Wanda kuma ya ga talla ana cewa ya biya kuɗi ya zama ƙwararre cikin mako shida ta waya, ya shiga shafin CAATE ya nemi sunan makarantar a jerin waɗanda aka tantance. Idan babu sunan a ciki, kwas ɗin koyar da motsa jiki ne suke sayarwa, takardarsa ba ta ba kowa izinin taɓa raunin ɗan wasa.