Mantuwa da Raunin Tunani a Ciwon Ɓarin Kai Mai Naci

Ciwon ɓarin kai, wanda likitocin Nijar ke kira migiren, cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyin kai. Yana tasowa lokaci-lokaci da sara mai tsanani, galibi a ɓari ɗaya, tare da tashin zuciya ko amai, har mai shi ya riƙa gudun haske da hayaniya. In ba a sha magani ba, kowane tashi yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya na fama da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Bisa ma'aunin da Ƙungiyar Ciwon Kai ta Duniya ta fitar a 2018, ana cewa ciwon ya zama mai naci idan kai na ciwo kwana 15 ko fiye a wata har sama da wata uku, kuma aƙalla kwana 8 daga ciki suna da alamomin ɓarin kai. Masu wannan nau'i sun kai kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na jama'a, kuma bayan zafin ciwon kansa, mantuwa da nauyin tunani na cikin abubuwan da suka fi hana su aiki.

Yadda matsalar ke bayyana

A Yamai da Tahoua mai wannan larura yakan ce kansa ya cushe, ko ya ce kan ba ya ja. Gwaje-gwajen likitoci sun nuna cewa abin da ya fi raunana shi ne tattara hankali wuri ɗaya, da saurin fahimta, da riƙe abu a kai na ɗan lokaci, da tsara aiki daki-daki, da kuma kamo kalmar da ake nema a tsakiyar magana. Ɗan kasuwar Wadata da ya shekara ashirin yana lissafi da ka sai a miƙa masa jika biyu a kan kayan dala ɗari uku da hamsin, ya tsaya riƙe da kuɗin yana juya lissafin kafin ya gano canjin dala hamsin ne. Uwargida ta sa gishiri a miya, ta juya ta amsa sallama, ta dawo ta ƙara wani.

Abin lura a nan shi ne tsohon abin da aka sani yana nan daram. Wanda ya haddace Alƙur'ani tun yana yaro ba ya rasa haddarsa, amma sabon shafi yakan ƙi zama a ranakun ciwo. Dalili kuwa, abin da hankali bai tsaya a kansa ba ba ya shiga ajiya da kyau tun farko, don haka yawancin abin da ake kira mantuwa a wannan cuta raunin natsuwa ne. Iyalai da yawa ba su san haka ba, sai su ɗauki abin a matsayin sakaci ko lalaci, wasu ma su danganta shi da iska ko sammu, kuma wannan zargi yakan yi wa marar lafiya nauyi kamar ciwon kansa.

Abin da ke jawo ta

Tashin ciwon yana da matakai. Awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu kafin sarar, mutum na iya fara yawan hamma, da taurin wuya, da kasa tsayar da hankali. Kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya kuma suna samun alamar gargaɗi ta minti 5 zuwa 60, kamar walƙiya a ido, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar magana. Ana danganta wannan da wata igiyar sauyi da ke ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kimanin milimita 3 a minti, wadda masanin Barazil Aristides Leão ya bayyana a 1944 daga gwajin da ya yi a kan zomaye. Bayan sarar ta lafa, kasala da nauyin kai kan biyo baya na yini ɗaya ko biyu. Wanda ciwon ke kama sau ɗaya a wata yana warwarewa sarai tsakanin tashi da tashi. Mai ciwo mai naci kuwa, kafin ya fita daga wutsiyar wancan ya shiga goshin wannan, sai ranakun da kansa yake wasai su zama ƴan kaɗan.

Zafi da kansa yana cinye hankali, sannan rashin barci da damuwa da baƙin ciki mai tsanani, waɗanda suka yawaita ga masu wannan ciwo, kowannensu na rage kaifin tunani. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai da Tahoua ke haura digiri 40, ƙishirwa da barcin da ba ya nisa suna ƙara tayar da ciwon. Tsallake abinci ma haka, da kuma yanke shayi ko goro farat ɗaya ga wanda ya saba da su kullum, abin da ya sa wasu ke shan wuya a kwanakin farko na azumi.

Magunguna na da nasu kaso, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Shan farasitamol ko asfirin ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a wata, ko taramadol da ƙwayoyi masu haɗin sinadarai da yawa kwana 10 ko fiye, har tsawon wata uku, yana iya mayar da ciwon na kullum. A inda ake sayen ƙwaya ɗaya-ɗaya a hannun masu talla ba tare da takardar likita ba, mutum na iya ƙetare wannan iyaka bai sani ba. Taramadol kuma yana dusashe tunani, yana sa jiki ya dogara da shi. Har a cikin magungunan rigakafi da likita ke rubutawa, tofiramat ya yi suna wajen sa mutum ya riƙa laluben kalma, amitiriftilin kuma yana kawo gyangyaɗi, sai dai waɗannan kan ragu idan likita ya sauya adadi ko ya canza maganin.

Alaƙarta da gigin tsufa

Tsoron da ya fi damun marasa lafiya shi ne ko gigin tsufa ne ya fara kama su da wuri. Hoton na'urar IRM, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, yakan nuna ƴan fararen ɗigo-ɗigo a ƙwaƙwalwar wasu masu ciwon, abin da ke ƙara tayar da hankali. Amma manyan binciken da suka bi dubban mutane shekara da shekaru, galibinsu ba su ga tunanin masu ɓarin kai yana lalacewa da sauri fiye da na sauran tsaransu ba. Raunin da ke tare da wannan ciwo yana hawa yana sauka tare da ciwon, alhali cutar Alzheimer, mai kawo gigin tsufa, ƙaruwa take yi a kai a kai, kuma sau da yawa dangi ne ke fara lura da ita kafin mai ita.

Bincike da kulawa

Likita yakan fara da tarihin ciwon, kuma kalandar da marar lafiya ke yi wa alama a ranakun ciwo da ranakun shan ƙwaya tana taimakawa ƙwarai. Akwai gajerun gwaje-gwajen tunani irin su MoCA mai maki 30, amma sakamakonsu na bin karatun boko da harshen da aka yi tambayar, don haka manomin Adar da aka gwada da Faransanci na iya samun maki kaɗan alhali kansa lafiya lau. Ana kuma duba hawan jini da ƙarancin jini da sauran cututtukan da ke kawo kasala.

Babban magani shi ne rage yawan ranakun ciwo: daina ƙwayoyin da aka yi wa yawan sha bisa jagorar likita, daidaita lokacin barci da abinci, shan isasshen ruwa, kula da damuwa, da maganin rigakafi irin su furofaranolol. Tofiramat da balfurowat, wani maganin rigakafin, suna da haɗari ga ɗan tayi, don haka dole mace mai ciki ko mai niyyar ɗauka ta sanar da likita. A Amurka an amince da allurar Botox don ciwo mai naci a 2010, sannan a 2018 aka fara amfani da allurai masu toshe aikin CGRP, wani sinadarin jijiyoyi da ke da hannu a tashin ciwon, sai dai suna da tsada sosai.

Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, ko karkacewar baki da shanyewar ɓarin jiki, ko wanda ya fara bayan shekara 50, yana buƙatar a garzaya asibiti nan take. Haka ma mantuwar da ke ƙaruwa wata bayan wata ko da kai ba ya ciwo, har mutum ya ɓace a unguwarsu, tana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa.